Darasi: Jita-jitar Waya da Yadda Za Mu Kare Iyalanmu Daga Sharrinta

Darasinmu na wannan fitowa a kan jita-jita ne, musamman wadda ke shigowa ta waya: ta WhatsApp, Facebook, TikTok da Telegram. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A tattauna shi a gida, a layin ruwa, a wurin zaman dattawa da taron mata.

Me ya sa muka zaɓi wannan batu?

Tun ranar 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, mutum fiye da miliyan 12 suka bar gidajensu. Sama da miliyan 4 daga cikinsu sun tsallaka zuwa ƙasashe irin su Chadi, Masar da Sudan ta Kudu. Da yawa daga cikinmu mun baro gida a Mayo, Ingaz, Id Husain, Haj Yusuf, Umbadda ko Fitihab. Yanzu waya ce igiyar da ta rage tsakaninmu da can. Da ita muke jin ko tsoho yana nan lafiya, ko an buɗe hanya, ko ɗan'uwa ya aiko da kuɗi ta Bankak.

Saboda haka manyan shawarwarin iyali a kan saƙon waya ake yanke su. A koma gida ko a ƙara haƙuri? A biya wannan mutumin ko kada a biya? A kai yaro asibiti yanzu ko a jira safiya? Idan saƙon da aka dogara da shi ƙarya ne, asarar takan zama ta dukiya, wani lokaci ta rai.

Kashi na farko: Labarin ƙarya iri uku ne

Na farko shi ne na kuskure. Mutum ya ji magana, ya ɗauka gaskiya ce, ya tura don ya taimaki 'yan'uwa. Zuciyarsa fari, amma ɓarnar ɗaya ce.

Na biyu shi ne ƙaryar ganganci. Wani ya zauna ya shirya ta don ya tsorata mutane, ko ya ɓata sunan wata ƙabila, ko ya raba ka da kuɗinka.

Na uku shi ne gaskiyar da aka sauya wa wuri ko lokaci. Hoton na gaske ne, amma daga Libiya ko Yaman aka ɗauko shi, aka rubuta Omdurman a ƙasa. Ko kuma na Omdurman ɗin ne, amma na bara, aka turo shi kamar na yau da safe. Wannan ya fi sauran wuyar ganewa, domin idonka ya ga abu na zahiri.

Kashi na biyu: Abin da ya faru a Khartum da Omdurman

A ranar farko ta yaƙin, dakarun RSF suka ba da sanarwa cewa sun kama fadar shugaban ƙasa da filin jirgin sama na Khartum. Sojoji suka ce ƙarya ne. Kowane ɓangare ya fitar da bidiyonsa. Ginin rediyo da talabijin na ƙasa da ke Omdurman, inda jama'a suka saba jin labari tun kaka da kakanni, ya zama filin daga, sai a watan Maris 2024 sojoji suka karɓe shi. Yawancin jaridun Khartum suka daina fitowa, 'yan jarida da dama suka gudu kamar kowa. Da manyan kafofin suka yi shiru, sai waya ta gaje gurbinsu, kuma a waya ba mai tace magana kafin ta fita.

Ga misalai guda biyar da ya kamata mu riƙe.

1. Gadar Shambat. A ranar 11 ga Nuwamba 2023 aka karya gadar da ta haɗa Omdurman da Bahri. Karyewar gadar gaskiya ce, kowa ya gani. Amma sojoji sun ce RSF ce ta karya, RSF ta ce sojoji ne. A nan mu koyi raba abu biyu: abin da ya faru, da wanda ake ɗora wa laifi. Hoto yakan tabbatar da na farko. Da wuya ya tabbatar da na biyu.

2. Mutuwar Hemedti. Watanni da dama a 2023 ana ta yaɗa cewa shugaban RSF, Muhammad Hamdan Dagalo, ya mutu. Wasu har rantsuwa suke yi cewa sun san wanda ya halarci jana'izarsa. A ƙarshen Disamba 2023 sai aka gan shi tare da Shugaba Museveni a Yuganda, daga nan ya je Habasha, Kenya da Afirka ta Kudu. Waɗanda suka rantse ba su dawo sun nemi gafarar kowa ba. Yawan masu faɗin magana ba ya mayar da ita gaskiya.

3. Muryar Bashir. Daga ƙarshen Agusta 2023, wani shafi a TikTok ya riƙa sakin saƙonnin murya yana cewa muryar tsohon shugaba Umar al-Bashir ce aka naɗa a ɓoye. Dubban ɗaruruwan mutane suka saurara. A watan Oktoba na shekarar, binciken BBC ya gano cewa wasu daga cikinsu maganar wani mai sharhin siyasa ce da ya yi a Facebook, aka bi ta da manhajar ƙirƙirarriyar basira, aka sauya muryarsa ta koma ta Bashir. Ba a sami shaidar cewa da sanin mai sharhin aka yi ba. TikTok ya rufe shafin. Idan an iya kwaikwayon muryar tsohon shugaban ƙasa, an iya kwaikwayon muryar ɗanka ko ta yayanka.

4. Gidajen ƙera ƙarya. Tun kafin yaƙi ake wannan sana'a. A Oktoba 2019 kamfanin Facebook ya rufe wasu shafuka masu magana a kan Sudan, ya ce suna da alaƙa da attajirin Rasha Yevgeny Prigozhin. A tsakiyar 2021 ya rufe wasu da ya danganta da mutanen wata jam'iyyar siyasa ta cikin gida. A Oktoba 2021 ya sanar da rufe asusu fiye da 600 da shafuka fiye da 100 da ya ce suna da alaƙa da RSF, waɗanda ke fitowa da rigar 'yan jarida da ta talakawa. Ma'anar wannan ita ce, idan ka ga mutum ɗari suna faɗin magana ɗaya a Facebook, mai yiwuwa mutum biyar ne a ɗaki ɗaya. Kuma ba ɓangare ɗaya kaɗai ke yin haka ba.

5. Jerin sunaye. Wannan shi ne mafi haɗari. Bayan sojoji sun karɓi tsakiyar Khartum a Maris 2025, shugaban ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya yi magana a farkon Afrilu a kan rahotannin kashe fararen hula ba tare da shari'a ba, bisa zargin sun haɗa kai da RSF, har da yankin Janub al-Hizam a kudancin birnin. Ofishinsa ya ce ana wallafa jerin sunayen waɗanda ake zargi a intanet. A ƙarshen watan kuma bidiyo ya fito daga Salha a kudancin Omdurman, inda wasu masu kakin RSF suka harbe aƙalla mutum 30 masu kayan gida. A kowane ɓangare, kalma ɗaya ta zargi ta ishi a kashe mutum. Mai sayar da shayi, mai tura ruwa, ko matashin da ke dafa abinci a takiyya, duk yana iya tsintar hotonsa a waya tare da rubutun da bai san wanda ya yi ba.

Mu Hausawan Sudan mun san ɗacin wannan tun kafin yaƙin. A Yuli 2022, rikicin ƙasa da sarauta a jihar Nil Azrak ya ci rayuka fiye da 100 a yankin Rusairis da Damazin, har jama'a suka fito zanga-zanga a Khartum, Kassala da Gadarif. A Oktoba na shekarar aka sake kashe mutum wajen 200 a Wad al-Mahi. Kalaman ƙiyayya da aka yi ta watsawa a waya sun ƙara wa wutar mai. Wanda aka taɓa yi wa kuɗin goro, aka zagi ƙabilarsa gaba ɗaya saboda laifin da ba ta yi ba, shi ya fi cancanta ya ƙi yi wa wata ƙabila haka.

Kashi na uku: Me ya sa ƙarya ta fi gaskiya gudu?

A 2018 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka fitar da binciken da suka yi a kan labarai wajen 126,000 da suka yawata a Twitter. Sun gano cewa damar a sake tura labarin ƙarya ta fi ta na gaskiya da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya na ɗaukar ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Sun kuma gano cewa mutane ne da hannunsu suka fi yaɗa ta. A halin da muke ciki, ga dalilan da ke ƙara mata gudu.

Tsoro. Uwar da ba ta ji ɗuriyar ɗanta ba wata uku za ta kama duk labarin da ya zo. Maƙaryata sun san haka, shi ya sa saƙonsu yakan fara da "gaggawa" ko "ku tura kafin a goge".

Katsewar layi. A Fabrairu 2024 layukan Zain, MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink. Wanda ya biya kuɗin awa ɗaya yakan sauke saƙonni ya tura da sauri, ba shi da lokacin bincike. Ga kuma tsohon saƙo da ya maƙale kwana goma, yana isowa kamar na yau.

Tsarin manhajojin kansu. Facebook da TikTok suna ƙara nuna wa jama'a abin da ya fi jan kallo da martani. Abin da ke tayar da hankali shi ya fi jan kallo. Wasu masu shafuka kuma da yawan masu kallo suke samun kuɗi ko suna.

Zumunci. Idan saƙo ya zo daga kawu ko inna, mukan yarda saboda mun yarda da su. Amma kawu bai ga abin ba. Shi ma turo masa aka yi.

Kashi na huɗu: Jita-jita huɗu da suka fi cutar da iyalai

Ta farko, batun komawa gida. Wani bidiyo zai nuna kasuwa cike da mutane, a ce komai ya daidaita, kowa ya dawo. Wani zai nuna kango, a ce ba abin da ya rage. Duka biyun suna iya zama gaskiya a titin da aka ɗauke su. Hukumar IOM ta ce zuwa Oktoba 2025 mutum fiye da miliyan ɗaya sun koma Khartum, amma unguwa ta bambanta da unguwa wajen ruwa, wuta, asibiti da tsaro. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kwance nakiyoyi ta yi gargaɗi cewa akwai bama-baman da ba su fashe ba a gidaje, makarantu da tituna. Komawa haƙƙinku ne, zama ma haƙƙinku ne, ba mai tilasta muku ɗaya. Abin da muke roƙo shi ne ku tambayi mutumin da kuka sani, wanda ƙafarsa ke cikin unguwarku a wannan makon. Ku tambaye shi dalla-dalla: famfo na kawo ruwa? Wane asibiti ke aiki? An duba layinmu? Wa ke zaune a gidanmu? Idan kun koma, kada kowa ya taɓa ƙarfen da bai sani ba, a kuma ja wa yara kunne sosai.

Ta biyu, taimako da fita waje. Saƙo zai zo da tambarin wata hukuma, ya ce a latsa nan a yi rajistar tallafin kuɗi, ko a biya kaza a sa sunanka cikin masu tafiya Kanada ko Turai. Maƙaryata sukan jingina da abin da yake na gaske. Misali, gaskiya ne Kanada ta buɗe wata hanya a Fabrairu 2024, amma don waɗanda ke da ɗan'uwa na kusa mai takardar zama a can, kuma adadin gurbin ƙayyadadde ne. Gaskiya ne kuma tun Yuni 2023 Masar ta wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan, har mata da yara da tsofaffi, abin da ya buɗe wa dillalan bogi kasuwa. Ku riƙe wannan da kyau: rajista, katin abinci, magani, da duba batun sake tsugunarwa a wata ƙasa, duk kyauta ne. Ba ma yin rajista ta WhatsApp. Ba ma neman lambar sirrin asusun kowa. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko kyauta, ko ya nemi mace da lalata don ya sa sunanta a wani jeri, mai laifi ne ko da yana sanye da rigar ma'aikata. Ku kawo ƙararsa, za a rufa muku asiri, kuma ba za a rage muku komai na taimako ba saboda kun yi magana.

Ta uku, 'yan'uwan da suka ɓace. Iyalai da yawa suna sa hoton ɗansu da lambar waya a Facebook suna cigiya. Wasu sun dace ta haka. Amma 'yan damfara ma suna karanta cigiyar. Sai a kira a ce yaron yana hannunmu, ko yana asibiti, a turo kuɗi yanzu. Gaskiya ne ana tsare mutane don kuɗin fansa a wannan yaƙi, shi ya sa damfarar ke cin kasuwa. Idan aka kira ku, kada ku yanke shawara ku kaɗai cikin ruɗewa. Ku nemi a haɗa ku da shi ku yi magana kai tsaye. Saƙon murya da aka naɗa bai isa ba. Ku yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta, kamar sunan da kakarsa ke kiransa da shi. Ku sanar da ma'aikatan kariya. Ƙungiyar Red Cross ta duniya da Hilal Ahmar ta Sudan suna da sashen neman ɓatattu da sada iyalai, kuma ba a biyan ko sisi. Haka nan a ciniki, hoton shaidar tura kuɗi ba kuɗi ba ne, ana iya ƙera shi. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun shiga kafin ka miƙa kaya.

Ta huɗu, lafiya. A Mayu 2025, bayan jirage marasa matuƙa sun kai hari kan tashoshin wutar lantarki a Omdurman, ruwan famfo ya ɗauke, mutane suka koma ɗiban ruwan kogi da na rijiyoyi. Kwalara ta ɓarke. A ƙarshen watan ma'aikatar lafiya ta ce cikin mako ɗaya mutum fiye da 2,700 sun kamu, 172 sun rasu, kashi 90 cikin 100 na masu cutar a jihar Khartum. A lokacin saƙonni suka yi ta yawo, wannan ya ce guba ce, wancan ya kawo haɗin maganin gida. Ko me ake faɗi a waya, gudawa mai kama da ruwan shinkafa tana iya kashe babba cikin sa'o'i kaɗan saboda ƙarewar ruwan jiki. A fara ba mai ciwon ruwan gishiri da sukari nan take, a kama hanyar asibiti ana ci gaba da ba shi. Idan babu na ƙunshi, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri nono. Maganin rigakafin kwalara da ake ɗigawa a baki an daɗe ana amfani da shi a ƙasashe da dama. Mai shakka a kansa ya tambayi ma'aikacin lafiya ido da ido.

Kashi na biyar: Tambayoyi biyar kafin ka yarda ko ka tura

1. Wa ya fara faɗa? Malamanmu na hadisi ba su karɓar magana sai sun bi salsalar waɗanda suka ruwaito ta, mutum bayan mutum. Mu ari wannan ladabi. Ka tambayi wanda ya turo: kai ka gani, ko turo maka aka yi? Idan salsalar ta ƙare a "wani jami'i" ko "wani likita" marar suna, ka ajiye ta. A WhatsApp, saƙon da ke da kibiya biyu a samansa ya ratsa hannu aƙalla biyar kafin ya iso gare ka.

2. Yaushe? Ka nemi kwanan wata. Ka dubi yanayi. Idan an ce na jiya ne, ga kuma ruwan sama kwance a titi alhali muna cikin rani, ka gane.

3. A ina? Ka dubi lambar motoci, rubutun shaguna, tufafin mutane, ka saurari irin Larabcin da ake yi. Mun san garinmu. Mun san gadar Tuti, mun san Mugran inda kogunan biyu suka haɗu, mun san ƙubbar Mahadi. Khartum ba ta gaɓar teku. Mai babbar waya yana iya sa hoto a Google Lens ya ga ko ya taɓa fitowa a wata ƙasa ko wata shekara. A hoton da na'ura ta ƙera, a lura da yatsu, inuwa, da rubutun da ba ya karantuwa. Amma na'urorin suna ƙara ƙwarewa, don haka rashin ganin aibi ba hujja ba ce.

4. Wa kuma ya faɗa? Babban labari, kamar faɗuwar gari, rufe iyaka ko tsagaita wuta, ba ya tsayawa a zauren WhatsApp ɗaya. A jira a ji shi a kafofi biyu da ba su da alaƙa da juna, kamar sashen Hausa ko na Larabci na BBC, DW, RFI, ko Radio Dabanga. Akwai kuma Beam Reports, ƙungiyar 'yan Sudan da ke bin diddigin labarai tana bayyana na ƙarya.

5. Me saƙon ke so in yi? Idan yana so ka tura kuɗi, ka ba da lambar sirri, ka tashi da iyalinka cikin dare, ko ka tsani wata ƙabila, to a nan ne za ka fi yin taka-tsantsan. Idan ka ji zuciyarka ta tafasa bayan karanta saƙo, ka ajiye wayar, ka yi wani aiki, ka dawo daga baya.

Akwai wani tarko a ɗaya gefen. Kada yawan ƙarya ya sa mu ƙaryata komai. Bayan RSF ta kama Fashir a ƙarshen Oktoba 2025, wasu hotuna da na'ura ta ƙera sun yaɗu a duniya tare da na gaske. Kisan da aka yi a can gaskiya ne, Majalisar Ɗinkin Duniya da waɗanda suka tsira sun ba da shaida. Hoton bogi yana ba mai musu abin fakewa, ya ce ai duka ƙarya ne. Wanda ya tura hoton bogi don tausayi ya cuci waɗanda yake tausaya wa bai sani ba.

Kashi na shida: Ladabin gyara da tsaron waya

Idan babba ne ya turo labarin da ka gano ƙarya ne, kada ka kunyata shi a cikin zaure. Ka same shi shi kaɗai, ko ka kira shi, ka ce: "Baba, na duba wannan labarin, ashe tsohon hoto ne na wata ƙasa. Ko za a janye shi don kada hankalin mutane ya tashi?" Idan kai ne ka tura, ka koma duk inda ka tura ka warware. Magana zarar bunu ce, amma gyara da wuri yana rage ɓarna.

Masu kula da zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa, amana ce a hannunku. Ku kafa doka uku: ba a sa suna ko hoton mutum da zargin haɗa kai da wani ɓangare, ba a zagin ƙabila, ba a sa hoton gawa. Mai shaida ta gaskiya a kan wani laifi ya kai ta inda za a bincika, kada ya watsa ta a waya.

Kada ku ba kowa lambar nan mai alƙaluma shida da WhatsApp ke aikowa, ko da ya ce shi ma'aikacinmu ne. Da ita ake sace shafin mutum a riƙa roƙon kuɗi da sunansa. Kada ku tura hoton katin rajista ko na fasfo ga wanda ba ku sani ba. Idan kun yi amfani da wayar haya ko ta maƙwabci, ku fita daga shafinku kafin ku mayar.

Iyaye, yara suna leƙa wayoyinmu. Bidiyon kisa da na gawa yana hana su barci, yana sa wasu fitsarin kwance. A goge irin waɗannan, kada a kunna su a gabansu. Matasa kuma, ku kuka fi sanin waya. Ku zama masu duba wa iyayenku labari, cikin ladabi.

Inda za a tabbatar da labari a nan sansani

Duk sanarwar da ta shafi rabon abinci, rajista, rigakafi ko sauya wurin zama, za ku gan ta a allon sanarwa, ku ji ta daga shugabannin unguwanni da ma'aikatan wayar da kai, ko a cikin wannan takarda. Idan kun ji wani abu a waya ba ku gan shi a waɗannan wurare ba, ku zo teburin tambaya. Ku kawo mana jita-jitar ko da kuna ganin ƙarama ce. Ba za a tambaye ku wa ya faɗa muku ba. Abin da muka tabbatar za mu faɗa muku, abin da ke buƙatar bincike za mu bincika mu kawo amsa a fitowa ta gaba. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyin tattaunawa a gida da wurin taro

1. Wane labari muka ji a waya a wannan watan da daga baya ya zama ba haka ba? Ta hannun wa ya shigo, kuma wa muka tura wa?

2. Idan aka kira mu yau aka ce ɗan'uwanmu yana hannun wasu, wace tambaya za mu yi da shi kaɗai zai iya amsawa? Wa za mu fara sanarwa kafin mu tura kuɗi?

3. Wane mutum muka amince da shi a tsohuwar unguwarmu, wanda zai faɗa mana gaskiyar halin ruwa, asibiti da tsaro?

4. A cikin gidanmu, wa ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari ba tare da ya duba takarda ba?

5. Wace doka za mu kafa a zauren danginmu daga yau?

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sada kowa da nasa.